KAREN GIDA DA DOKAR BIRNI

Kai maigida, watakila ka taɓa shiga birni cin kasuwa, ko ziyarar ɗan'uwa, ka ji ana shela cewa ko wane mai kare ya kai karensa a yi masa allura, a ba shi takarda, a ɗaura masa abin wuya. Watakila har ka yi dariya, ka ce mutanen birni sun rasa aikin yi, ɗan Adam bai gama samun magani ba sai kare. To, dakata tukuna. An rubuta wannan 'yar takarda ne domin ka san dalilin wannan doka, ka kuma ga inda ta shafe ka, ko da ya ke tsakaninka da birni tafiyar yini guda ce. Karanta ta a tsanake. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidan, karanta masa, tun ba yara ba, gama su suka fi kowa cuɗanya da kare.

Ba mu ce kare abin banza ba ne. Shi ke gadin gida da dare, shi ke bin garke, shi ke korar dila daga akurki da biri daga gona, mafarauci kuwa ba ya fita sai da shi. Laifin yana wajen yadda mu ke riƙonsa. A yawancin gidaje ba wanda ya san abin da kare ya ci yau, ko inda ya kwana jiya. Ran da ya kori ɓarawo, kowa ya ce karenmu ne. Ran da ya ciji ɗan maƙwabci, sai a neme mai shi a rasa.

CIWON DA YA JAWO DOKAR

Dalilin dokar karnuka shi ne ciwon haukan kare. Abin da ke kawo shi wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna ta. Tana zaune cikin miyan dabbar da ta kamu. In dabbar ta ciji mutum, ko ta yaƙushe shi, ko ta lashi inda ya ke da rauni, sai ƙwayar ta shiga jiki. Ba ta bin jini kamar zazzaɓin cizon sauro. Jijiya ta ke bi, sannu sannu, har ta isa ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya ta kan ɗauki wata biyu ko uku. Wani lokaci mako guda ne, wani lokaci har shekara. In cizon a fuska ne, ko a wuya, ko a yatsu, hanyar ta fi gajarta.

Ga inda mutane ke ruɗuwa. Rauni ya warke, yaro ya koma wasansa, kowa ya manta. Sai bayan an yi girbi, ko bayan salla ta wuce, yaron ya fara zazzaɓi da ciwon kai, tabon nan ya riƙa yi masa ƙaiƙayi ko zugi. Kwana biyu sai ya shiga firgita. Yana jin ƙishirwa, amma da an miƙo masa ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture kwanon. Ko iskar mafici ba ya so ta taɓa shi. A nan ne a kan ce iskoki ne, ko sammu, a shiga neman masu magani. Ba iskoki ba ne. Cizon nan ne da aka manta. In ciwon ya kai haka kuwa, ba a tashi. Babu asibitin da ke da maganinsa, ko a nan ko a Turai, sai dai a rage wa majinyaci wahala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 ko wace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin ko wane mutum 100 da suka kamu, har 99 daga kare suka samo shi. Wajen kashi 40 cikin 100 kuma yara ne waɗanda ba su kai shekara 15 ba. Ba abin mamaki ba ne. Yaro gajere ne, kare ya fi samunsa a fuska. Sa'an nan ya kan ɓoye cizon don tsoron a doke shi.

Abin farin ciki ɗaya shi ne, tun da ƙwayar sannu ta ke tafiya, ana iya tare ta a hanya. Wani masani Bafaranshe, Luwi Fasto, shi ya fara gwada haka a shekarar 1885, a kan wani yaro ɗan shekara tara wanda mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca. Ya yi masa allurai, yaron kuwa ya rayu har ya manyanta. Domin tunawa da shi ne a ke yin ranar yaƙi da haukan kare ta duniya ran 28 ga Satumba, ranar da ya rasu.

ABIN DA HUKUMA KE NEMA

A birni gidaje a matse su ke, juji ya yi yawa, ga mahauta, ga kasuwanni. Kare guda mai ciwo zai iya cizon karnuka da mutane a unguwa uku kafin azahar. Saboda haka tilas a sa doka. A Nijeriya, tsarin mulkin 1999 ya sa kula da kiwon dabbobin gida irin su kare da kyanwa, da yawonsu, cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ka ga ke nan ba birni kaɗai abin ya shafa ba, gama ƙauyenku ma yana ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma.

Dokar wani gari ta kan bambanta da ta wani, amma gindinta ɗaya ne: ko wane kare a san mai shi, a yi masa allurar rigakafi, kada a bar shi yana gararamba, in ya yi cizo kuwa a kai rahoto. Wanda aka gani yana yawo ba alama, ma'aikata suna iya kama shi. Ka tambayi malamin dabbobi na yankinku yadda taku ta ke.

Watakila ka ce, doka a takarda daban, aiki da ita daban. Gaskiyarka. Amma bari ka ji labarin wani birni da ya gwada abin sosai, don ka ga yana yiwuwa a ƙasa irin tamu.

LABARIN BIRNIN NJAMENA

Njamena ita ce babban birnin ƙasar Chadi, a bakin kogin Shari, tsallake da garin Kusiri na Kamaru. Akwai 'yan'uwanmu Hausawa da yawa a can. Shekara da shekaru haukan kare bai yanke ba a wannan birni. Ma'aikatan dabbobi na ƙasar, tare da waɗansu masu bincike daga ƙasar Suwizalan, suka zauna suka duba al'amarin. Abu na farko da suka gano shi ne, karnukan nan da a ke gani a kan titi a ke cewa ba su da masu su, yawancinsu suna da gida. Sakinsu kawai aka yi. Watau matsalar ta masu karnuka ce.

A shekarar 2012 aka shiga birnin unguwa unguwa. A kafa tebur a ƙofar gidan mai unguwa ko wani fili da kowa ya sani, a yi shela, mutane su kawo karnukansu, a yi musu allura kyauta, a ba mai kare takarda, a ɗaura wa karen abin wuya don a gane an yi masa. A wannan shekara aka yi wa karnuka fiye da 18,000. A 2013 aka sake, aka yi wa fiye da 22,000. Ko wane karo an sami kamar bakwai cikin ko wane karnuka goma na birnin.

Riƙe wannan lissafi na bakwai cikin goma, domin shi ne asirin aikin. Ciwon ba ya daɗewa a jikin kare guda, gama da ya bayyana, cikin 'yan kwanaki karen zai mutu. Ba ya ɗorewa a gari sai in mai ciwon ya ciji wani lafiyayye kafin ya mutu. To, in bakwai cikin goma da zai ciza an riga an yi musu allura, cizon ya tashi a banza. Kamar gobarar daji ce da ta iso inda aka yi share, ta rasa abin ci ta mutu don kanta. Haka kuwa aka gani. A cikin 2014 an yi wajen wata tara ba a sami mahaukacin kare ko ɗaya ba a Njamena.

Amma labarin bai ƙare nan ba. Bayan watannin nan ciwon ya sake ɓullowa, da aka bincika kuwa alamu suka nuna daga wajen birni ya shigo. Birnin ya share gidansa, amma ƙauyukan da ke kewaye da shi ba a yi wa nasu karnukan ba. Banda haka, kare ba ya daɗewa a duniya. Waɗanda aka yi wa allura suna mutuwa, ana haifar sababbi, kafin shekara biyu lissafin nan ya zube.

To, maigida, ka ga inda ka shigo. Karen da ya bi amalanke zuwa kasuwar birni, da kwikwiyon da ka ba ɗanka ya tafi da shi wurin aiki, da wanda ya bi mafarauta ya ƙetare gari uku, duk hanyoyi ne. Akwai kuma fatake masu sayen karnuka a ƙauyuka suna kai su kasuwanni masu nisa, kamar ta Dawaki a Jihar Filato. Wanda ya ga karensa ya sake hali, ya yi maza ya sayar da shi don kada ya yi hasara, ya ɗora wa wani gari masifa ke nan, alhakin kuwa yana wuyansa. Ciwon kuma ba hanya ɗaya ya ke bi ba. Yadda ya ke shiga birni daga ƙauye, haka ya ke fitowa daga birni ya iske ku.

ME YA HANA A KASHE SU DUKA?

Wannan ita ce shawarar da kowa ya kan kawo in an yi cizo. Matasa su ɗauki sanduna, ko a zuba guba a juji. An gwada wannan a ƙasashe da yawa, bai kawar da ciwon ba. Muddin akwai juji da ragowar mahauta, waɗansu karnuka za su zo su maye gurbin waɗanda aka kashe, karya kuwa wata biyu ta ke ɗaukar ciki. Waɗanda suka fi sauƙin kamawa su ne masu sabo da mutane, watau waɗanda aka fi yi wa allura. Sai a kashe masu rigakafi, a bar masu gudu. Masu karnuka kuma in sun ji ana kisa, sai su ɓoye nasu, ko su kai su wani gari, har da masu ɗauke da ciwon. Ita guba kuwa ba ta da ido. Ta kan ci kyanwa da kaji da ungulu, yaro ma ya kan tsinci abin da aka yar. Kada ka zuba ta, kada ka yarda a zuba a unguwarku.

Karen da aka yi wa allura katanga ne a gare ku. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya ta allurar karnuka shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ta rabu da haukan da kare ke sa wa mutane.

HAKKIN KARE A KANKA

In ka ajiye kare, ka ɗauki nauyi. Da kwikwiyo ya kai wata uku, kai shi a yi masa allurar hauka, sa'an nan a riƙa sabuntawa ko wace shekara. In masu allura sun zo gari, kawo duka, har ƙananan, su za su duba. Allurar ba ta kashe zuciyar kare, ba ta hana shi farauta ko gadi, ba ta hana karya haihuwa. Masu faɗin haka ji suka yi, ba gani ba. Kyanwa ma tana kamuwa da wannan ciwo, ita ma a kai ta.

Ba shi abinci a gida. Ragowar tuwo da ƙanzo da ɗan ƙashi sun isa su riƙe shi. Ajiye masa kaskon ruwa nasa na kansa a inuwa, kada ya riƙa sa baki a randa ko kwanon yara. Yunwa ce ke kai kare juji, a juji kuwa ya ke faɗa da karnukan da ba ka san lafiyarsu ba. In za ka ɗaure shi, igiyar ta zama mai tsawo, wurin da inuwa, ka kuma riƙa kwance shi yana miƙe ƙafa. Karen da aka ɗaure a rana yini da kwana ya kan zama mafaɗaci.

In an yi yanka aka ga huhu ko hanta da waɗansu ƙuraje masu ruwa a ciki, kada a jefa wa kare. A binne da zurfi ko a ƙone. Ƙwayayen tsutsa ne, in ya ci sai su girma a cikinsa, su fito tare da kashinsa, su koma wa tumaki da mutane. Saboda haka a riƙa kwashe kashin kare daga tsakar gida, yara kuma su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Kada ka tara abin da ba ka iya ciyarwa. Likitan dabbobi yana iya yi wa kare ko karya aikin hana haihuwa. Wannan ya fi a kwashi 'yan kwikwiyo a zubar a bayan kasuwa, gama waɗanda suka rayu cikinsu su ne karnukan da gobe za a ce ba su da mai su.

Koya wa yara kada su jefi kare, kada su ja wutsiyarsa, kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kada kuma su kusanci karya mai jego. In baƙon kare ya taso musu, su tsaya cik, hannuwa a jiki, kada su ruga. Abu mafi girma, ke uwargida, ki gaya musu cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa ya zo ya faɗa nan da nan, ba mai dukansa.

YADDA ZA KA GANE MAI CIWO

Kowa ya san mahaukacin kare mai gudu, mai cizon duk abin da ya tarar, har itace da dutse, muryarsa ta dushe, miyau na dalala. Amma akwai wani iri da ba a cika sani ba. Shi wannan ba ya faɗa. Sai ya laɓe a lungu, haɓarsa ta saki, baki a buɗe, ya kasa haɗiya, daga baya ƙafafu su shanye. Mai shi ya kan zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu don ya ciro. Kada ka kuskura. Haka kuma saniya ko jaki ko akuya da kare ya ciza, in ta fara dalalar miyau da kuka ba dalili, kada a sa mata hannu a baka, kada a yanka ta a kai kasuwa. A keɓe ta a kira malamin dabbobi. Dila ko wani naman daji da ya shigo gari da rana tsaka ba ya tsoron mutane, shi ma abin zargi ne.

IN AN YI CIZO

Kafin kome, wanki. A sami ruwa mai yawa da sabulu, ko wane iri, ko sabulun salo ne, a yi ta wanke raunin ana kwarara ruwa har minti 15. Minti 15 da tsawo, ka duba agogo, kada ka gaji. Wannan wanki yana fitar da ƙwayoyin cutar da yawa tun ba su kama jijiya ba. In akwai aidin a shafa. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko kashin shanu. Ƙona gashin karen a shafa, ba ya maganin kome. Kada a ɗaure raunin tamau.

Sa'an nan a tafi asibiti ran nan, ba gobe ba. Ka gaya wa ma'aikaci a fili cewa cizon kare ne, ka nemi allurar haukan kare, domin allurar sarƙe-haƙora daban ce, ba ta tsare wannan. Tsofaffi suna tuna allurai masu yawa da a kan yi a ciki a zamanin dā, masu zafi. An bar waɗannan. Ta yanzu a damtse a ke yi, ƙananan yara a cinya, zuwa uku ko huɗu ne, a ranakun da za a rubuta maka. Cika su duka. Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. In raunin mai zurfi ne, ko a fuska, akwai wani magani kuma da likita kan zuba a cikin raunin kansa. Ba ko wane ƙaramin asibiti ke ajiye allurar ba, tana kuma da tsada, ta ninka ta kare sau da yawa. In babu a naku, a tambayi inda ta ke a wuce can, ko da za a sayar da akuya. In kuwa an riga an yi kwanaki ko makonni da cizon, har yanzu a je, muddin ciwon bai bayyana ba.

Shi kuma karen, in na gida ne ana iya kama shi ba tare da hatsari ba, kada a kashe shi. A tsare shi a ɗaki ko a ɗaure, ana ba shi ci da sha daga nesa, har kwana goma. In ya cika kwana goma garau, ba shi da cutar a miyansa ran da ya yi cizon, likita ne zai faɗi ko a tsai da allurar. Amma kada a zauna jiran kwana goman nan kafin a fara. In ya mutu, ko tilas ta sa an kashe shi, kada a fasa kan, kada a taɓa shi da hannu tsirara, kada a jefar a juji ko rafi. A sanar da dagaci da malamin dabbobi. Su ke da hanyar aika kan wurin bincike, kamar Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924. A kuma bi sawu a san ko wane mutum da ko wace dabba da karen ya ciza, gama sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.

In shekara ta kewayo ba a zo yi wa karnukan garinku allura ba, ku masu karnuka da mafarauta da makiyaya ku haɗu ku ƙidaya karnukan garin, ku kai wa dagaci, shi kuma ya kai maganar ga ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ma'aikaci ya fi saurin zuwa inda aka ce ga karnuka hamsin suna jira a rana kaza. A zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, a fara da sassafe tun karnuka ba su watse ba, a kuma bar wanda karen ya saba da shi ya riƙe shi. Takardar da za a ba ka, ajiye ta cikin adaka tare da katin rigakafin yara, domin ita za a fara tambaya ran da karenka ya ciji wani.